Gwal na barin akwatin lefe: abin da mata suka samu da abin da ya kuɓuce musu

Duk wanda ke halartar buɗen lefe a Kano, Katsina ko Maraɗi ya san inda idon mata yake fara sauka. Ana ɗaga atamfa da leshi ana yabawa, amma sai an zo kan ɗan ƙaramin akwatin nan na sarƙa da 'yan kunne ake yin tsit, wata daga dangin amarya ta ɗauka ta jinjina nauyinsa a tafin hannu, ta juya bayan maƙullin tana neman hatimi. A 'yan shekarun nan, a gidajen masu matsakaicin ƙarfi, abin da ake tararwa a ciki ya sauya. Saiti uku ne ko huɗu masu ƙyalli, na ruwan gwal ko wanda 'yan kasuwa ke kira GL, kuma babu wanda yake jin kunyar hakan kamar da. Gwal na gaske, idan ya shigo, bai wuce ɗan kunne ko siririn zobe ba.

Babban dalili shi ne kuɗi, kuma lissafinsa a fili yake. A shekarar 2015 ana sayar da oza guda ta zinare, wato giram 31 da 'yan kai, a kan dala 1,100 zuwa 1,200, dala kuma tana kusan naira 200 a farashin gwamnati. Giram ɗaya na tsantsar zinare bai kai naira 8,000 ba ke nan, mafi ƙarancin albashi kuwa naira 18,000 ne, ya isa a sayi giram biyu har a yi ragi. Oza ta haura dala 2,000 a watan Agustan 2020, ta wuce 3,000 a Maris ɗin 2025, ta tsallake 4,000 a Oktoban 2025. A tsakiyar wannan hawa aka saki naira a Yunin 2023, dala ta doshi 1,500. A Oktoban 2025 giram ɗaya ya koma wajen naira 190,000, albashin naira 70,000 da aka amince da shi a 2024 ba ya sayen ko rabin giram. Ango ma'aikaci mai wannan albashi da zai saka sarƙa mai giram goma a lefe sai ya haɗa albashin shekara biyu. Ko mafi ƙarancin sadaki, rubu'in dinari, da yake giram ɗaya ne da ɗan ɗoriya, ya bi zinare ya hau.

Amma tsada kaɗai ba za ta sa a daina kunyar sarƙar ruwan gwal ba. Yanayin biki ne ya canza. A da mace takan mallaki sarƙa ɗaya a san ta da ita, ta sa ta a suna, ta sa ta a salla, 'yarta ta gaje ta. Yanzu biki guda yana da kamu, da dina, da yinin biki, da walima, kowanne da ankonsa, kowane anko da sarƙar da za ta shiga da launinsa. Hoton kuma zai hau Instagram da TikTok, inda maimaita kaya ya zama abin tsegumi, kuma kyamarar waya ba ta bambance karat 21 da farin ƙarfen da aka tsoma a ruwan gwal. Masana'antun Sin, musamman kasuwar Yiwu da Guangzhou, sun iya kwaikwayon ƙirar Dubai da ta Indiya ƙwarai, suna turo ta da araha. Ga kuma tsoro. A inda ake tare hanya ana ɗaukar mutane don kuɗin fansa, mace mai hankali ba ta son wuyanta ya yi shelar abin da gidansu ya mallaka, har masu gwal ɗin ma sukan kulle shi su fita da kwaikwayonsa.

Akwai alheri a wannan sauyi, kuma bai kamata a raina shi ba. Lefe ya daɗe yana tsayar da aure, duk abin da ya rage masa nauyi ya taimaki samari da 'yan mata. 'Yar talaka tana fita kunyar biki da naira dubu kaɗan, ta tsaya a hoto kusa da 'yar attajiri ba a gane bambanci. Mata da yawa da ba sa fita kasuwa sun sami sana'a, suna saro saiti suna tallatawa ta WhatsApp daga cikin ɗakunansu.

Damuwata tana wani wuri dabam. Gwal a hannun Bahaushiya ado ne kuma ajiya ne a lokaci guda. Gida na miji ne, gona sau da yawa tana hannun 'yan'uwa maza ko da tana da rabon gado a ciki, amma sarƙarta tata ce ita kaɗai, ba ta neman sa hannun kowa kafin ta sayar. Da ita ake biyan kuɗin tiyata da tsakar dare, da ita ake cika kuɗin makarantar ɗa ko kujerar Makka, ita ce jarin da bazawara ke fara sana'a da shi idan aure ya mutu. Kakanninmu sun yi wannan dabara da awaki, da jeren kwanuka da tasoshi, da mundayen azurfa da murjani da tsakiya. Gwal ya zo ya fi su duka, don ba ya cin dusa, ba ya tsatsa, yana shiga ƙullin bakin zane. Malaman Malikiyya ma sun san da wannan fuska tasa biyu: kayan adon da mace ke sawa babu zakka a kansu, amma wanda aka tanada don maganin wata rana ana fitar masa da zakka idan ya kai nisabi, wato kimanin giram 85.

Sarƙar ruwan gwal ta ɗauki adon ta bar ajiyar. Ranar da aka saye ta darajarta ta fara zubewa, bayan wata shida zufa da turare sun cinye ruwan, ta koɗe, wata ma ta bar ƙaiƙayi a wuya. Mai gwal idan ta kai nata kasuwa kuɗin aiki kawai za a zabge mata, a auna sauran a biya ta farashin ranar. Mai GL ba ta da inda za ta kai. Idan aka tara abin da mace ke kashewa a kan saitin kowane anko cikin shekara biyar, sau da yawa ya isa giram ɗaya ko biyu, sai dai kuɗin ya tafi a guntu-guntu ba a ji fitarsa ba.

Wannan ya buɗe rata tsakanin mata su kansu. Wadda aka yi wa lefe da giram talatin a 2015 tana zaune a kan dukiyar da ta ninka fiye da sau ashirin a lissafin naira, ba tare da ta motsa ba. Ƙanwarta da aka aurar bana ta shiga ɗaki da akwatuna cike da ƙyalli, amma babu abin da za ta ɗaga ranar da ta shiga matsi. Hauhawar farashi ta saka wa wadda ta riga ta mallaka, ta rufe ƙofa ga mai shigowa, kuma saboda a ido duk ɗaya suke, ba a cika lura da ratar ba sai ranar asibiti.

Maƙeran farfaru, masu aikin azurfa da zinare, su ma abin ya taɓa su. Da ma shigowar ƙirar Saudiyya da Dubai da Italiya ta riga ta mayar da yawancinsu masu gyara da narkarwa, yanzu kuma gyaran ma yana raguwa, don ba a kai sarƙar dubu biyar wurin maƙeri. Azurfar Agadas ta fi samun masu saye a wajen baƙi fiye da amaren gida. Abin ya fi ciwo idan aka tuna zinaren yana ƙarƙashin ƙasarmu. Ana haƙo shi a Anka da Maru da Bukkuyum, ana haƙo shi a Djado tun 2014, kuma a 2010 gubar dalma daga wannan aiki ta kashe yara sama da 400 a Zamfara. Mafi yawansa ɗanye yake ficewa zuwa Dubai, a tace shi a ƙera a can, ya dawo mana da hatimin 750 ko 875 da farashin dala.

Wasu iyaye mata sun fara ɗaukar matakin da nake ganin ya dace da zamanin. Suna cewa dangin ango a rage akwati biyu a sa ɗan kunne na gaske ko da giram biyu ne, da rasiɗinsa da sunan yarinya a jiki. Wasu ƙungiyoyin adashi kuma duk wadda ta kwasa sai ta nufi 'yan gwal kafin kuɗin su narke a hannunta, ta sayi abin da ba shi da duwatsu da yawan ado, tunda dutse ba ya shiga awo ranar sayarwa.