Yadda Mutanen Danmak Su Ke Samun Lantarki Daga Iskar Teku

Sa'ad da aka tura ni gwajin koyarwa, na yi wa 'yan aji shida darasin labarin ƙasa. Na nuna musu hoton waɗansu dogayen injuna masu fukafukai uku uku, suna tsaye tsakiyar ruwa. Sai wani yaro ya ɗaga hannu, ya ce, "Malam, don me ba su kafa su a tudu ba? Ko ƙasa ta ƙare musu ne?" Na rasa abin da zan ce, kunya ta kama ni. Don haka na bi diddigin maganar, ga kuwa abin da na samo, don kada wani ɗan'uwana ya sha irin kunyar da na sha.

Ƙasar da zan ba da misali da ita Danmak ce, wata ƙaramar ƙasa a arewacin Jamus, wadda ruwa ya kusa kewaye ta. Mu da mu ka yi karatu wajen Numan mun san sunanta tun muna yara, gama mutanenta sun kafa mishan a can tun 1913. A 1973 kuɗin man fetur ya tashi ƙwarai a duniya. Danmak kuwa a lokacin nan kusan dukan ƙarfin da ta ke aiki da shi daga man da ta ke saye waje ne. Abin ya kai har aka hana mutane hawan mota ran Lahadi. Sai su ka koma ƙona kwal, amma kwal ma sayensa su ke yi, ga shi hayaƙinsa yana ƙara wa duniya zafi. A 1985 majalisarsu ta ƙi yarda a gina tashar nukiliya. To, me ya rage musu? Iska.

Aikin injin ba shi da wuyar ganewa. Iska ta bugi fukafukai su juya, su kuma su juya wani inji da ke can bisa, shi ne ya ke haifar da lantarki. Sa'an nan a bi da lantarkin ta cikin waya mai kauri da aka binne ƙarƙashin teku har zuwa gaɓa.

Yanzu ga amsar tambayar yaron. Na farko, a teku babu dutse, babu itace, babu gida da zai tare iska, saboda haka ta fi ƙarfi, ta fi kuma daɗewa tana busawa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin in saurin iska ya ninka sau biyu, ƙarfin da ke cikinta ya kan ninka sau takwas. Na biyu, jirgin ruwa ya iya ɗaukar fukafukin da babu hanyar motar da za ta ɗauke shi, watau ana iya kafa manyan injuna. Na uku, ba a taɓa gonar kowa ba, ƙarar injin kuma ba ta hana kowa barci.

Danmak ce ta fara kafa tarin injunan nan a teku a duniya. A 1991 ta kafa injuna 11 a teku kusa da Bindebi, dukansu ba su wuce megawat 5 ba. Sun yi aiki har 2017, kana aka cire su. A 2002 aka kafa 80 a Horns Reb cikin Tekun Arewa, masu ba da megawat 160. A 2021 aka buɗe na Kirigas Filak cikin Tekun Baltik, injuna 72 masu ba da megawat wajen 600. Ku gwada da dam ɗin Kainji, wanda aka shirya shi don megawat 960, za ku ga girman abin. A 2019 iskar tudu da ta teku sun ba Danmak kashi 47 cikin 100 na lantarkin da ta yi amfani da shi.

Amma fa kada ku zaci abin ba shi da wahala. Ruwan gishiri ya kan ci ƙarfe, gyara kuma tilas sai da jirgi, in teku ta yi fushi sai a jira. Har wa yau akwai ranar da iska kan kwanta. Maganin da su ka yi shi ne haɗa wayoyinsu da na maƙwabta. Ran da iska ta yi yawa su sayar wa Norwe, ran da ta kwanta su saya daga lantarkin ruwa na Norwe. A 2023 kuma su ka haɗa waya da Ingila. Ga kuma batun kuɗi: a watan Disamba na 2024 gwamnati ta nemi kamfanonin da za su kafa sababbin injuna a Tekun Arewa, ba wanda ya fito, saboda tsadar kaya da ruwan bashi. Ashe iska kyauta ce, amma kama ta ba kyauta ba ne.

Abin da ya fi shiga raina shi ne, wanda ya fara gwada samun lantarki daga iska a Danmak malamin makaranta ne, sunansa Poul la Cour. Ya kafa injinsa a makarantar Askob a 1891, ya kuma koya wa samarin ƙauye aikin. Shekara ɗari daidai ke nan kafin injuna su shiga teku. Saboda haka, 'yan'uwana, in yaro ya yi muku tambaya, kada ku tsawata masa. Ni dai na koma na ba nawa amsarsa, har mu ka yi ƙaramar fanka da kara da kwali, mu ka kafa ta a bakin aji.