Daga masana'anta zuwa gindin dogon yaro: doguwar tafiyar kayan keke

A ƙauyukan Agye, Gazawa da Gidan Rumji, keke shi ne jakin talaka da ba ya cin harawa. Amma ba a ƙera ko ƙusa ɗaya ta jikinsa a jihar Maradi, kuma duk lokacin da aka rufe iyaka ko kuɗi suka faɗi, manomi da ɗan makaranta ne ke fara ji a jikinsu.

Duk ranar kasuwa a Cadawa, ko a Gazawa, ko a Tibirin Gobir, ba a rasa mai gyaran keke a gindin dogon yaro, da akwatinsa, da famfo, da kwanon ruwa na neman huji. Mai buhun aya, da mai dammunan kaba daga Gulbin Kaba, da ɗalibin da ke yin kilomitoci kowace safiya zuwa kwaleji, duk a gabansa suke tsayawa. Abin da ke cikin akwatin nan, wato faci da sholisho, boris, feda, sarƙa da wayoyin ƙafa, ya ƙetare teku da iyakoki biyu ko uku kafin ya iso. Ranar da akwatin ya zama wayam, keken da aka sayar da akuya aka saya sai ya koma jingine a bayan rumbu.

Zamanin Raleigh

Dattawa ba su manta da Raleigh ba. Kamfanin garin Nottingham ne, a Ingila, kuma a zamanin cinikin gyaɗa mallakar kekensa alama ce ta wadata a ƙasar Hausa. Daga baya an kafa masana'antar harhaɗa shi a Kano, wadda ba ta kai kilomita 300 daga Maradi ba. Ta Katsina da Jibiya da Ɗan Isa keken ke shigowa, alhazan Maradi su rarraba shi zuwa kasuwannin karkara.

Sai dai harhaɗawa daban, ƙerawa daban. Masana'antun Kano da yawa sun dogara ga sassan da ake shigowa da su da kuɗin waje. Da Nijeriya ta shiga shirin gyaran tattalin arziki a 1986, naira ta faɗi, sassan suka yi tsada, ga matsalar wutar lantarki, masana'antu da dama suka durƙushe. A ɓangaren Nijar, karya darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994 ta ninka kuɗin duk abin da ake saye da dala ko faran na Faransa. Ita kanta uwar kamfanin ta daina harhaɗa keke a Nottingham a 2002, ta mayar da aikin ƙasashen Asiya.

Yadda Sin da Indiya suka ci kasuwa

Giɓin da aka bari, kekunan Sin irin su Phoenix na Shanghai, da na Indiya irin su Hero, wanda aka kafa a Ludhiana a 1956, su suka cike shi. Araha ta taimaka musu, amma akwai wata dabara da ta fi araha tasiri: sun kwaikwayi tsohon fasalin keken Ingila mai ƙafa inci 28 da birkin ƙarfe. Saboda haka sassa da yawa na wannan suna shiga jikin wancan, mai gyara bai buƙaci sabon maɓalli ko sabon ilimi ba, ɗan kasuwa kuma yana iya ajiye kaya iri kaɗan ya biya bukatar mutane da yawa.

Ana ganin bambancin idan aka dubi kekunan gwanjo masu giya da ke zuwa daga Turai da Japan. Suna da sauƙin tuƙi, matasa na son su, amma kowane da irin sassansa. Idan giyar ta lalace a wani ƙauye na Gangara ko Cadakori, sau da yawa sai dai mai gyara ya gajarta sarƙa ya mayar da keken mai gudu ɗaya.

Hanya biyu, kowace da ƙayarta

Kafin rufe iyakar Benin a 2023, kayan keke na isowa Maradi ta hanya biyu. Ta farko daga tashar jiragen ruwa ta Kotonu, ta Paraku, Malanbil, Gaya, Doso da Ƙonni, sannan ta ratsa Gidan Rumji bisa babbar hanya mai lamba 1: tafiyar fiye da kilomita 1000. Ta biyu daga Legas zuwa kasuwannin Kano, daga nan zuwa iyaka. Daga Maradi kuma ƙananan ƴan kasuwa ke ɗauka kaɗan-kaɗan zuwa Cadawa, Agye da Gazawa, galibi bashi, a biya bayan an sayar.

Shekarun baya-bayan nan sun gwada hanyoyin duka biyu. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. A 2020 da 2021 annobar korona ta tsayar da masana'antu a Asiya, kuɗin dakon kwantena ya hau, har manyan kamfanonin keke na Turai da Amurka suka yi watanni suna jiran sassa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, takunkumin CEDEAO ya toshe iyakar Benin da ta Nijeriya lokaci guda. An sake buɗe ta Nijeriya a Maris 2024, amma gadar Gaya ta ci gaba da zama a rufe a wannan shekarar, aka karkata manyan motoci zuwa Lome da Burkina Faso, inda suke tafiya a ayari da rakiyar sojoji. Kowane kwana da mota ta ƙara a hanya, a kan farashin taya yake sauka.

A daidai wannan lokaci bukatar keke ba ta ragu ba. Babura ƴan Sin sun mamaye karkara tun shekarun 2000, amma babur sai da mai. Da Nijeriya ta janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, man da ake sayarwa a kwalabe a bakin hanya ya yi tsada, kuɗin kabu-kabu ya bi shi. Wanda ke da tsohon keke a ɗaka ya san darajarsa.

Abin da mai ƙera keke zai yi la'akari da shi

Duk kamfanin da ke son kafuwa a wannan yanki, abu na farko da zai sani shi ne kalandar manomi. Kuɗi na shiga hannu da kaka, bayan an sayar da wake, gyaɗa da aya. Kayan da za a saya a watan Nuwamba, tun da damina ya kamata su bar Asiya. Wanda ya makara sai ya riƙe kayansa har wata shekara. Na biyu shi ne ƙasar kanta: rairayi, ƙayar aduwa da tsaida, da lodi mai nauyi. Taya mai kauri da kariya mai ƙarfi sun fi fenti mai ƙyalli amfani. Na uku, kada a dogara ga tashar ruwa ɗaya ko iyaka ɗaya, kuma a ajiye isassun ƙananan sassa a Maradi, domin ba su da nauyi, ba su ruɓewa, kuma su ne ke fara yankewa.

Akwai misali a gabashi da kudancin Afirka. Ƙungiyar World Bicycle Relief, da aka kafa a 2005, ta tsara keke mai suna Buffalo wanda kariyarsa ke ɗaukar kilo 100. Ana harhaɗa shi a ƙasashe irin su Zambiya da Kenya, ana horar da masu gyara a ƙauyuka, ana buɗe shagunan sassa kusa da masu hawa. Harhaɗawa a gida tana rage kuɗin dako, tun da kwantena ta fi cin keke a warwatse, amma darasin Kano na nan: idan sassan duk na waje ne, darajar kuɗi da halin iyaka ne ke riƙe da wuyan masana'anta.

Jirgin ƙasan Kano zuwa Maradi, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, idan ya kammala zai iya rage wahalar hanya. Kafin nan, akwai abin da ke hannun hukuma da ƴan kasuwa: sassauta kuɗin duwan a kan sassan keke, sanya gyaran keke cikin darussan cibiyoyin koyon sana'a na kananan hukumomi, da ba masu gyara ɗan jari domin su sayi kaya kafin kaka. Ɗalibin Gazawa da tayarsa ta fashe ranar Litinin ba ruwansa da sunan tashar da kayan suka sauka. Bukatarsa ya tarar da tiyub a akwatin mai gyara kafin a buga ƙararrawa.