Me ya sa Ingila ta daina karɓar kuɗin maganin HIV daga hannun baƙi?

Tun daga ranar 1 ga Oktoba, 2012, duk wanda yake Ingila aka same shi da ƙwayar cutar HIV ana ba shi magani kyauta, ko ɗan ƙasa ne ko baƙo, ko yana da takardun zama ko ba shi da su. Kafin wannan rana ba haka abin yake ba. Mutumin da ya fi kowa tsayawa a majalisa har aka yi wannan sauyi wani dattijo ne mai suna Norman Fowler. Ba likita ba ne, tsohon ɗan jarida ne, kuma jam'iyyarsa ta Conservative ba a san ta da sassauci kan sha'anin baƙin haure ba. Amma hujjojin da ya kai gaban majalisa na likitanci ne zalla, irin waɗanda muke maimaita wa masu jinya da iyalansu kullum a asibiti.

Wane ne Fowler?

Ya shiga majalisar wakilan Birtaniya a 1970, ya yi shekara 31 a cikinta, sannan ya koma majalisar dattawa a 2001. Shi ne ministan da ke kula da lafiya daga 1981 zuwa 1987, a gwamnatin Margaret Thatcher, daidai lokacin da cutar kanjamau ta ɓulla. A wancan zamani babu magani, wanda ya kamu jiran ajali kawai yake yi. Abin da ya rage wa gwamnati shi ne faɗakarwa, kuma ita Fowler ya rungume. A farkon 1987 aka aika wa kowane gida a ƙasar takarda mai bayanin yadda ake kamuwa da cutar da yadda ba a kamuwa, aka kuma cika talabijin da gargaɗin cewa kada mutum ya bari rashin sani ya kashe shi. Thatcher ba ta ji daɗin yadda aka fito da maganar jima'i ɓaro-ɓaro ba, amma ya dage.

Ya kuma amince a fara ba masu yi wa kansu allurar miyagun ƙwayoyi sababbin allurai, suna dawo da tsofaffi. An yi masa ca a kan wannan, ana cewa goya wa ɓarna baya yake yi. Shi kuwa abin da ya duba shi ne, mutum biyar da ke amfani da allura ɗaya za su raba wa juna cutar, sannan su kai ta gida ga matansu. Yaɗuwar HIV tsakanin masu allura a Birtaniya ta kasance ƙasa ƙwarai idan aka kwatanta da ƙasashen da suka ƙi bin wannan hanya.

Yadda dokar take kafin 2012

A shekarar 2004 aka tsaurara ƙa'idojin biyan kuɗin asibiti ga baƙi a Ingila. Wanda bizarsa ta ƙare, da wanda ya nemi mafaka aka hana shi, da wanda ya shiga ba bisa ƙa'ida ba, duk za a rubuta musu kuɗin jinyar asibiti. Sai dai an ware cututtuka masu yaɗuwa, saboda lafiyar jama'a. Tarin fuka kyauta ake maganinsa ga kowa. Ciwon sanyi da tunjere da sauran cututtukan da ake ɗauka ta hanyar saduwa, su ma kyauta. HIV ce aka bari a waje: gwaji kyauta, shawarar da ake bayarwa bayan gwaji kyauta, magani kuwa sai da kuɗi.

Ku duba yadda wannan yake a aikace. An ce wa mutum ya zo a gwada shi. Ya zo, an gaya masa yana ɗauke da cutar, sannan an ce masa maganin ya fi ƙarfin aljihunsa. To me zai kawo ɗan'uwansa gwaji gobe? Ga kuma wata: daga ƙarshen 2011, bashin asibiti da ya kai fam 1,000 yana iya sa a hana mutum biza ko sabunta takardun zama. Saboda haka mutane suka riƙa kauce wa asibiti har sai sun faɗi.

Idan sun faɗi kuwa dole a karɓe su, domin ba a korar wanda ke bakin mutuwa. Sai a kwantar da mutum makonni, wani lokaci a ɗakin kulawa ta musamman, ana fama da ciwon huhu ko sanƙarau, a kashe kuɗin da ya ninka na ƙwayoyin da aka hana shi, a rubuta masa bashin da kowa ya san ba zai iya biya ba. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Abin da ya fi ba likitoci takaici shi ne mai tarin fuka da HIV a tare. Za a yi masa maganin tarin wata shida kyauta, a bar cutar da ta karya masa garkuwa har tarin ya samu shiga.

Kwamitin 2011 da gyaran doka

Shekara 25 bayan gangaminsa na farko, Fowler ya jagoranci wani kwamiti na majalisar dattawa da ya sake duba halin da ake ciki. Rahotonsu ya fito a watan Satumba na 2011, kuma sunan da suka ba shi tunatarwa ne cewa har yanzu babu allurar rigakafi, babu kuma maganin da ke warkarwa gaba ɗaya. A lokacin masu ɗauke da cutar a Birtaniya sun doshi 100,000, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu ba su ma san suna da ita ba. Cikin shawarwarin kwamitin akwai cewa a daina cajin kowa kuɗin maganin HIV.

Rahoton kwamiti yana iya ƙarewa a kan kanta yana shan ƙura, kamar yadda muka saba gani. Fowler bai bari ba. Ana muhawara kan wani babban ƙudurin dokar lafiya, sai ya gabatar da gyara a cikinsa kan wannan batu. A ƙarshen Fabrairun 2012 gwamnati ta ce ta yarda, za ta sauya ƙa'idojin da kanta, kuma sauyin ya fara aiki a watan Oktoba.

Masu adawa sun ce idan aka yi haka, marasa lafiya za su kwararo daga Afirka don shan magani kyauta. Bayanan asibitoci ba su goyi bayan wannan tsoro ba. Yawancin baƙin da aka samu da cutar sai sun yi shekaru a ƙasar kafin a gano, da yawa ma sai da jiki ya yi tsanani. Wanda ya tsallaka teku don neman magani ai ba zai zauna shekaru bai je asibiti ba. Duk da haka maganar ba ta mutu ba, domin a muhawarar zaɓen 2015 Nigel Farage ya sake tayar da ita a talabijin. Har yau dai ƙa'idar tana nan.

Hujjar da ta fi kowace ƙarfi

Mun taso muna jin cewa rigakafi ya fi magani. A sha'anin HIV, maganin kansa rigakafi ne, kuma wannan ne ya kamata kowane mai ɗauke da cutar da iyalinsa su fahimta sosai.

Ƙwayar HIV tana shiga wasu ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira CD4, ta mayar da su wurin hayayyafa, ta kashe su. Lafiyayyen mutum yana da tsakanin 500 zuwa 1,500 na waɗannan ƙwayoyi a ɗan mitsitsin ɗigon jini. Idan suka sauka ƙasa da 200, cututtukan da a da jiki ke ture su cikin sauƙi sai su samu ƙofa. Wannan matakin ne ake kira kanjamau. Magungunan ARV ba sa kawar da ƙwayar cutar daga jiki kwata-kwata, amma suna hana ta hayayyafa. Wanda ke shan su kullum ba fashi, yawanci cikin wata shida adadin ƙwayar cutar a jininsa yakan ragu har na'ura ta kasa ganin ta. Garkuwa sai ta farfaɗo, mutum ya koma kasuwarsa ko gonarsa.

A watan Mayun 2011, ana tsakiyar aikin kwamitin Fowler, aka fitar da sakamakon wani bincike mai suna HPTN 052. An bi diddigin ma'aurata da abokan zama 1,763 a ƙasashe tara, ciki har da Kenya da Malawi da Afirka ta Kudu, inda ɗaya yake da cutar ɗaya ba shi da ita. Fara magani da wuri ya rage yaɗa cutar ga abokin zama da kashi 96 cikin 100. Binciken da suka biyo baya sun ƙara fayyace abin: wanda adadin ƙwayar cutar a jininsa ya tsaya ƙasa da 200 a kowace mililita ba ya shafa wa abokin zamansa ta hanyar saduwa. Sharaɗin shi ne ci gaba da shan magani da yin gwajin jini a kan lokaci. Kuma wannan kariya ta HIV ce kaɗai, ba ta hana ciwon sanyi ko tunjere.

Haka abin yake ga mai juna biyu. Idan ba a yi komai ba, tsakanin jarirai 15 zuwa 45 cikin 100 na iyaye mata masu cutar sukan kamu, a ciki ko wajen haihuwa ko shayarwa. Da magani adadin yakan sauka ƙasa da 5, a Birtaniya ma bai kai 1 ba.

To idan haka ne, barin mutum ɗaya babu magani saboda takardunsa ba su cika ba, barin wuta ce tana ci a ɗaki ɗaya na gida don mai ɗakin ɗan haya ne. Baƙon yana da mata, yana haihuwa, yana mu'amala da 'yan ƙasa. A ganina wannan ne ya sa hujjar Fowler ta karɓu har ga waɗanda ba tausayin baƙi ne ya dame su ba. Ni dai da an tambaye ni, hakkin ran mutum kaɗai ya isa dalili, amma majalisa lissafi take so, kuma lissafin ya fito daidai.

Fowler ya zama shugaban majalisar dattawa a 2016, ya ajiye muƙamin a 2021 don ya samu sukunin ci gaba da fafutuka kan HIV. A littafin da ya wallafa a 2014 ya nuna cewa abin da ya fi hana mutane gwaji a yanzu ƙyama ce da tsangwama.

Abin da ya shafe mu

A Najeriya magungunan ARV kyauta ne a asibitocin da ke bayar da su tun 2006, kodayake akan biya kuɗin kati ko wasu gwaje-gwaje a wasu wurare. Babban binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan mutum miliyan 1.9 ne ke ɗauke da cutar, wato kashi 1.4 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 49. Yanzu ba a jiran CD4 ta sauka, da an tabbatar da cutar ake fara magani, kuma ga yawancin manya ƙwaya ɗaya ce a rana. Akwai kuma dokar 2014 da ta haramta nuna wa mai HIV bambanci a wurin aiki, ko makaranta, ko asibiti.

Mu shingenmu ba takardar biza ba ce. Kunya ce, da tsoron kada a ga mutum a layin karɓar magani, sai kuma tafiye-tafiye. Direban babbar mota, da ɗan ci-rani, da ɗan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Kano da Maraɗi, da matar da rikici ya raba da garinsu, su ne muka fi gani sun ɓace wata huɗu ko biyar, su dawo a rame da tari. Idan aka tambaya sai a ce magani ya ƙare a hanya, kuma ba a san inda za a je ba a baƙon gari. Yanke magani yana ba ƙwayar cutar damar dawowa cikin 'yan makonni, yana kuma iya sa ta daina jin maganin.

Duk wanda ke shan ARV kuma tafiya ta kama shi, ya gaya wa asibitinsa tun kafin ranar tashi. Idan jikinsa ya daidaita ana iya ba shi na wata uku, wani lokaci har shida. Idan ƙaura ce, ya karɓi takardar canjin asibiti mai ɗauke da sunan maganinsa da sakamakon gwajin jininsa na ƙarshe. Idan magani ya ƙare masa a wani gari, ya nufi babban asibitin gwamnati mafi kusa da katinsa ko kwalbar maganin, kada ya jira sai ya koma gida. A jirgi ko a mota, maganin ya zauna a jakar hannu.

Masu shirin zuwa Birtaniya karatu ko aiki sukan tambaye mu ko cutar za ta hana su biza. Gwajin tarin fuka ake nema daga mazauna Najeriya da za su wuce wata shida a can, ba a neman gwajin HIV. Idan an isa, ana iya zuwa asibitin kula da cututtukan saduwa kai tsaye ba tare da wani likita ya tura mutum ba. A tafi da maganin da zai kai aƙalla wata biyu ko uku, domin samun ranar ganin likita a sabon wuri yakan ɗauki lokaci.