Yara Nawa Aka Kora Daga Ƙanƙara?

Manya sun ce a zamanin yaƙi akan sa mutum ya hau hasumiyar Gobarau ya dubi ƙurar dawaki, sa'an nan ya sauko ya gaya wa birni yawan maharan. Yau Katsina ba ta rasa masu kawo labarin ɓarayin daji ba. Abin da yake wuyar samu shi ne wanda zai faɗi adadi daidai.

Ran 11 ga Disamba 2020 da dare, 'yan bindiga suka faɗa wa Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, suka kora yara daji. Kakakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Malam Garba Shehu, ya ce goma ne ke hannun ɓarayi. Gwamna Aminu Bello Masari kuwa ya ce cikin yara 839 na makarantar, 333 ne ba a gani ba. Da aka sako su ran 17 ga wata, sai aka ƙirga 344, har Malam Garba ya fito ya nemi gafara. To, ku dubi uban da ya ji an ce goma, alhali nasa bai komo ba. Ina zai sa ransa?

Mu da muke koya wa sababbin malamai kiran suna da safe, mun san abin da ya sa lissafin Gwamna ya yi kusa da gaskiya. Yana da tushe, watau jimlar yaran makaranta, aka ɗebe waɗanda suka dawo. Littafin rajistan nan da waɗansu malamai ke cikawa da ƙyuya ran Jumma'a, ga ranarsa ta zo.

Ɗan jarida na yanzu irin wannan aiki yake koyo, sai dai da kwamfuta. Yana jera kowane hari a layinsa: rana, ƙauye, waɗanda aka kashe, waɗanda aka sace, da bakin wanda aka ji. Jaridar HumAngle ta Abuja, wadda aka kafa a shekarar 2020, tana yin haka, kuma ƙungiyar ACLED tana tara na duniya duka. In layuka sun yi yawa, sai a ga wace hanya ce ta fi hatsari, wane wata ne hari ya fi tsanani.

Amma akwai tarko. Yawancin abin da ke shiga jadawalin nan daga labaran jarida ake tsinto shi. A watan Satumba na shekarar 2021 aka yanke layin waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Jibiya da Batsari da Safana. Ƙauyen da aka kai wa hari sa'an nan, in ba wanda ya taka zuwa birni ya faɗa, ba shi cikin lissafi. Wanda ya dubi jadawali kaɗai sai ya ce an sami sauƙi. Saboda haka wakilin kirki yakan gwada alƙalumansa da na magatakardan hakimi, da na asibiti, da na shugaban makaranta, kafin ya aika.