Ciniki Ko Riba: Da Wane Mudu A Ke Auna Kamfani?

 Yau daga birnin Alƙahira za mu ɗauko zancenmu. Tambayar ita ce: in kamfani bai taɓa cin riba ba, yaya za a san abin da ya kamata a saye shi?

Mudu biyu ne a ke awo da su. Na fari ciniki, watau dukan kuɗin da ya shigo hannun kamfani cikin shekara. Na biyu riba, watau abin da ya saura bayan an fid da albashi, da haya, da haraji, da ruwan bashi. Bisa al'ada riba a kan duba, a riɓanya ta, a ce ga darajar kamfanin. Amma in babu riba, babu abin riɓanyawa. Sai masu zuba jari su koma ga ciniki, suna sa rai riba tana tafe.

Ga misali. A shekarar 2017 wani saurayi, Mustafa Kandil, da abokansa suka kafa kamfanin Swvl a Alƙahira, domin mutum ya kama kujera a motar safa ta wayarsa. Birnin kuwa ya yi suna wajen cunkoso, saboda haka jama'a suka yi maraba. Kamfanin ya kai har Kenya da Pakistan.

A 2021 aka yi masa kuɗi dala miliyan 1,500. Cinikinsa a wannan shekara wajen miliyan 38 ne, hasararsa kuwa ta haura miliyan 140. Watau an saye shi kusan riɓi 40 na cinikinsa.

A watan Maris na 2022 aka fara sayar da hannun jarinsa a kasuwar Nasdaq ta Amurka. A wannan wata ne babban bankin Amurka ya soma ƙara ruwan bashi, kuɗi ya yi tsada, masu jari suka gaji da jira. Kamfanin ya sallami wajen sulusin ma'aikatansa, kafin shekara ta ƙare kuma hannun jarin ya zubar da fiye da kashi 90 cikin 100 na darajarsa. Sa'an nan ya janye daga ƙasashe da dama. A 2023 ciniki ya sauko wajen miliyan 23, amma ya ba da labarin ribar kimanin miliyan 3.

Kada mu ce mudun ciniki ƙarya ne. Kamfanin Amazon, wanda aka kafa a 1994, sai a 2003 ya ga ribar cikakkiyar shekara, masu haƙuri kuwa suka ci moriya. Gama hasara iri biyu ce. Akwai ta mai dasa dabino, wanda ya ke ban ruwa shekara da shekaru kafin ya tsinka. Akwai kuma ta mai sayen buhun gero 100 ya sayar 90. Shi kam yawan masu saye yawan hasara.

To, in an yi muku tallar hannun jari da yawan ciniki, ku tambaya: a kan kowane abu guda da aka sayar, me ya ke saura? Kuma kuɗin da ke hannu zai kai wata nawa?

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.