Idan Agogon Kwamfuta Ya Fara Ƙarya

Bahaushe ya yi wa agogo kirari da sarkin aiki, amma shi kansa sarkin yana buƙatar mai tunatar da shi. A matsayina na mai nazarin harshe, na lura kalma ɗaya muke amfani da ita, mu ce agogon kwamfuta "ya lalace", alhali cutar iri uku ce, kowace da maganinta.

Ta farko, idan duk lokacin da aka kunna kwamfuta sai kwanan wata ya koma shekarun baya, to ɗan batirin CR2032 da ke riƙe agogo bayan an kashe na'urar ne ya mutu. Sai a sauya shi.

Ta biyu, idan bambancin awa ɗaya ne cif, a duba yankin lokaci, domin Nijeriya da Nijar suna gaban ma'aunin duniya na UTC da awa ɗaya. Haka kuma yakan faru ga mai Windows da Linux a na'ura guda, saboda Windows tana ajiye lokacin gida, Linux kuwa na UTC.

Ta uku ita ce mai sanɗa. Wani ɗan ƙanƙanin dutse mai kaɗawa sau 32,768 a sakan ke ƙirga lokaci, kuma zafi irin namu na bazara yana rage masa sauri. Yau sakan biyu, gobe biyu, har su zama mintoci. Maganinta shi ne tsarin NTP, wanda David Mills ya fitar a 1985, mai daidaita agogo ta intanet. A Windows a rubuta w32tm /resync, a Linux kuwa timedatectl set-ntp true.

Kada mai karatu ya raina wannan. Kwamfutar ofis takan hana ma'aikaci shiga idan saɓanin ya wuce minti 5, shafukan banki kuma sukan ƙi buɗewa idan kwanan wata ya kauce. A 1991, a Dahran ta Saudiyya, kuskuren kusan sulusin sakan ya sa na'urar Patriot ta kasa tare makami mai linzami, sojojin Amurka 28 suka hallaka.

Saboda haka ina kira ga jami'o'i, asibitoci da ma'aikatunmu su haɗa na'urorinsu da agogo ɗaya amintacce. Takardar da lokacinta ya yi ƙarya ba ta zama hujja.