FASHIN BAƘI: Abin da ke tsakanin matashi da mallakar gidansa na farko

Duk wanda ke bibiyar shirye-shirye masu dogon zango irin su Labarina da Kwana Casa'in ya saba da ganin gidaje masu faffaɗan falo da dogayen katangu da maigadi a bakin ƙofa. Akasarin matasan da ke zaman kallon nan kuwa a ɗakin haya suke, ko a shagon ƙofar gidan iyayensu, kuma rayuwarsu ta fi kama da ta mutanen Daɗin Kowa na tashar Arewa24, inda ake fama da cefane da kuɗin makaranta. Ga matashin da ya fara aiki, ko yake shirin aure, tambayar da ke biyo bayan kashe talabijin ita ce: ta wace hanya mai albashi zai mallaki gida a Najeriya?

Hanyar da doka ta tanada

A shekarar 1992 gwamnatin soja ta kafa Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka fi sani da NHF, ta kuma damƙa kula da shi ga Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, wato FMBN. Tsarin ya tanadi cire kashi 2.5 cikin ɗari na albashin ma'aikaci duk wata. Wanda ya yi wata shida yana zubi yana da damar neman lamunin saye ko gina gida, a kan kuɗin ruwa kashi 6 cikin ɗari, ya biya a hankali har tsawon shekara 30, muddin wa'adin bai haura lokacin ritayarsa ba. Wanda bai ci bashin ba ana mayar masa da abin da ya tara idan ya yi ritaya. Tun daga 2023, bayan gyaran doka, zubin ya zama na ganin dama ga ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu.

Akwai kuma ƙofa ta biyu da mutane da yawa ba su san da ita ba. A 2022 hukumar fansho ta PenCom ta fitar da ƙa'idar da ta ba ma'aikaci damar amfani da kashi 25 cikin ɗari na abin da ke asusun fanshonsa wajen biyan kafin alƙalamin gida, idan ya cika wata 60 ana zuba masa kuɗi.

Abin da lissafi ya nuna

Lamunin naira miliyan 10 a kan kashi 6 na tsawon shekara 30 yana nufin biyan kusan naira 60,000 duk wata. Da yake ƙa'ida ba ta yarda abin da za a riƙa cirewa ya wuce sulusin albashi ba, dole mai nema ya kasance yana ɗaukar kimanin naira 180,000. Wanda ke kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, wanda aka sanya wa hannu a Yulin 2024, sulusinsa kimanin naira 23,300 ne, kuma abin da wannan zai iya jawo masa bai cika miliyan 4 ba. A biranen Kano da Kaduna da Abuja, da wuya wannan kuɗi ya kai mutum ga ginannen gida mai cikakkun takardu.

Bankunan kasuwanci kuwa sai dai a hange su daga nesa. Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 a ƙarshen 2024, kuma a kansa bankuna ke ɗora nasu. Ko da a kashi 25 aka ba mutum miliyan 10, ruwa kaɗai zai haura naira 200,000 a wata, ba a taɓa uwar kuɗi ba. Ga Musulmi da dama ma ba a kai ga wannan lissafi, domin batun riba ya riga ya rufe maganar. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, kamar Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da ya biyo baya a 2019, suna amfani da tsarin murabaha ko ijara, inda banki ke sayen gidan ya sayar wa mutum da ƙayyadaddiyar riba ta ciniki, ko ya ba shi haya har ya zama nasa. Su ma dai sai sun ga albashi mai kauri da takarda mai kyau.

Takardar da ke hannun gwamna

A nan ne maganar ta koma siyasa. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sanya dukkan filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Shi ke ba da shaidar mallaka, wato C of O, wadda galibi wa'adinta shekara 99 ne, kuma sashe na 22 ya ce ba za a sayar da irin wannan fili ko a jinginar da shi ba sai da amincewarsa. A Abuja ministan babban birnin tarayya ne ke riƙe da wannan iko. An kuma cusa dokar cikin kundin tsarin mulki, saboda haka gyara ta na buƙatar irin matakan da ake bi wajen gyaran kundin.

Mafi yawan matasa ta hannun dillalai suke sayen filin awon igiya a bayan gari, a rubuta takardar ciniki, mai unguwa ko dagaci ya sa hannu. Irin wannan takarda ba ta wadatar da banki. Ke nan mutumin da ya fi kowa buƙatar lamuni shi ne wanda filinsa ba zai tsaya masa jingina ba. Sai ya koma ginin tsuntsu: bana harsashi, baɗi linta, yayin da farashin siminti da rodi ke tsere masa. A wannan kasuwa ce kuma ake sayar da fili ɗaya ga mutum biyu ko uku, ko a sayar da gidan gado ba da sanin sauran magada ba. Hatta takardar gwamnati ba ta zama kariya a koyaushe: rusau ɗin da aka yi a Kano a Yunin 2023 ya shafi gine-ginen da gwamnatin da ta gabata ce ta ba da filayensu.

Kafin a miƙa kuɗi

Binciken fili a ofishin da ke riƙe da rajista, KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja, shi ne ke nuna sunan mai shi na gaskiya da ko an jinginar da shi. Idan gidan gado ne, sai an ga hukuncin rabo na kotu ko sa hannun dukkan magada. Lauya ne ya kamata ya rubuta yarjejeniya, a biya ta banki, sannan a nemi amincewar gwamna a yi rajista da sunan sabon mai gida. Ma'aikacin da ake cire wa kuɗin NHF kuma yana da haƙƙin tabbatarwa daga FMBN cewa abin da aka cire ya shiga asusunsa.

Gwamnatoci sun daɗe suna amsa matsalar da gina rukunin gidaje, daga gidajen Shagari na jamhuriya ta biyu, zuwa biranen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo a Kano, zuwa gidaje 3,112 da Shugaba Tinubu ya aza harsashinsu a Karsana ta Abuja a Fabrairun 2024. Irin waɗannan ayyuka suna da kyau a hoto, amma masu samu kaɗan ne idan aka kwatanta da masu nema. Abin da zai taɓa mutane da yawa shi ne kwana nawa C of O ke ɗauka kafin ta fito, nawa ake biya, kuma wa ake raba wa filayen gwamnati. Duka ukun suna kan teburin gwamna, kuma tambayoyi ne da ya dace matasa su ajiye wa duk mai neman wannan kujera.